Rigar Korau a Filafilin Tsattsewa

Da sunan wanda ya shimfiɗa teku bai sa mata ƙusa ba, ya ɗaga sama bai kafa mata ginshiƙi ba, ya saki iska bai ba kowa linzaminta ba. Ni ne Tunau ɗan Yalwa, mutumin Kwatar Giginya, can inda Kogin Maɗaci ke zuba ruwan daɗinsa cikin na gishiri. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga tuntuɓe a maganata ya yi mini uzuri. Labarin wani ƙaramin jirgin yaƙi zan ba ku, da labarin wata riga.

Mu biyu ne a wurin Inna Yalwa, Yaya Korau da ni. Shi mai fito da baki ne, in yana tahowa daga kogi tun daga nesa ake jin bakinsa. Wata shekara jirgin Sarauniyar Tsibirai mai suna Tsattsewa ya shigo kwatarmu ɗibar ruwa, ya tafi da ruwan, ya tafi da Yaya. Kafin ya tashi Inna ta ba shi rigar saƙi wadda ita ta kaɗa zarenta da hannunta. Babban yatsanta ya taɓa karyewa tun tana yarinya, saboda haka zarenta yana da wani ɗan ƙulli nan da can, wanda babu mai yin irinsa a duk bakin kogin.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Sai wani falke ya sauka a ƙofar gidanmu ya ce Korau ya rasu a teku.

Inna ta ce, "Ka gan shi da idonka?"

Ya ce, "A'a, Inna, ji na yi."

Ta ce, "To, ji ka yi. Sha ruwa ka kama hanyarka."

Maƙwabta suka zo gaisuwa, ta naɗe tabarmi a gabansu. Liman ya ce ba ya iya yi wa mutum sadakar mutuwa alhali uwarsa na cewa yana hanya. Ta ajiye mazarinta. Kullum da safe sai ta dama fura ta rufe da faifai, ta lallaba zuwa bakin kwata ta zauna tana fuskantar ruwa, da yamma ta dawo da ƙwaryar yadda ta kai ta. Ita ba ta sha ba, ba ta bar kowa ya sha ba. Idonta ya soma dushewa saboda kallon ƙyallin ruwa, wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara. Ni kuwa kuka ya tsaya mini a maƙogwaro, bai fita ba, bai koma ba, don ba a yi wa mai rai kuka, kuma a gidanmu Yaya mai rai ne.

Rannan na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, in na kawo miki shaida fa?"

Ta ce, "Idona ya gaji, kunnena ya sha ƙarya. Abin da hannuna ya taɓa ya gane, shi ne shaida."

Na bar ta a hannun ƙanwarta, na shiga kwalekwalen fatake.

Na fara sauka a Birnin Gishiri, inda ake gina gidaje da kantun gishiri, rana na ratsa bango ana ganin inuwar masu gida suna kai da kawowa. Duk damina garin narkewa yake yi, mutanensa su hau dutse suna kallo suna hira, in rani ya yi su sake gini, wanda ya gaji da maƙwabcinsa ya sake wuri. Na yi musu dako har suka biya ni da gishiri. Da na ambaci Tsattsewa sai tsofaffinsu suka dafa ƙirji, suka ce ita ta tsare musu mashigi a zamanin yaƙi, amma in nemi labarinta a Tsibirin Yawo.

Shi wannan tsibiri ba a zuwa wurinsa, jiransa ake yi. Na zauna a kan wani fa tare da masunta har ya taho da kansa, da dabinonsa da awakinsa da hayaƙin girkinsa, yana tafe a kan ruwa kamar saniyar da ta ƙoshi. Na haye. A can aka gaya mini Tsattsewa tana Tashar Murjani, ta tsufa, an ba da umarni a kai ta Birnin Tama a farfasa ta. Na zabura zan sauka sai dogarai suka tare ni. Ashe dokarsu ita ce, baƙon da ya hau ya zama cikin nauyin tsibirin, ba ya sauka sai ya bar abin da ya kai nauyinsa, don kada ƙasarsu ta karkace. Na ga baƙi da suka yi furfura a can suna jiran abin fansa. Na ce a kawo ma'auni. Aka ɗora ni a gefe guda, aka ɗora gishirina a gefe guda, sai gishirin ya rinjaye ni. Baƙin ciki ya riga ya cinye abin da zai riƙe ni a can.

A Tashar Murjani na gan ta. Tana tsakanin manyan jiragen Sarauniya kamar akuya a cikin raƙuma, katakonta ya yi baƙi, igwoginta 'yan kaɗan an lulluɓe bakunansu da fata. Amma filafilinta, wato babban zanen da ke kama mata iska, ban taɓa ganin irinsa ba. Na sauran jirage farare ne tas. Nata kuwa faci ne a kan faci, ja da shuɗi da kore da baƙi, kamar an shanya wankin gari guda a igiya ɗaya.

Wani tsoho mai ido ɗaya yana zaune a gindin jigon jirgin, wato dogon itacen da ke ɗauke da filafili, da basilla a hannu. Na yi sallama, na faɗi sunana da na Yaya. Ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Goshin ne dai. Zauna, ɗan nan. Ni ne Nomau, ni nake ɗinki a nan tun ina da idon da zan yi wa mata fari da shi."

Na ce, "Baba, me ya sa filafilinku haka?"

Ya ce, "Al'adarmu ce. In mutum ya mutu a ruwa, ba mu da likkafani sai filafili. Mu yanki daidai tsawonsa mu suturta shi, mu yi masa salla mu ba teku. Ramin da ya bari kuma mu toshe da rigarsa. Shi ya tafi da namu, mu mun riƙe nasa. Haka yake ci gaba da tura jirgi tare da mu."

Sai ya ɗauki sanda yana nuna mini, kamar malami da allo. Ya ce an sassaƙa Tsattsewa a shekarar Yaƙin Gishiri, an yi ta marar zurfin ciki don ta shiga ƙoramun da manya ba sa iya shiga. Jar rigar can ta matuƙinta na farko ce, wanda ya gicciye ta a bakin mashigi ya hana jiragen abokan gaba wucewa tun hantsi har la'asar. Koriyar ta wani malami ce da zazzaɓi ya ɗauke sa'ad da suka kai jakada ƙasar da ake gaisuwa da yin shiru. Akwai wasu baƙaƙe masu baƙon ɗinki, na tambaye shi.

Ya ce, "Na abokan gaba ne. Sun taɓa ƙwace ta, ta yi shekaru a hannunsu. 'Yan banzan da suka ga al'adar sai suka riƙe ta. Da muka ƙwato jirginmu muka tarar da matattunsu a jikin namu. Wa zai farke? Iska ba ta tambaya."

Daga nan Tsattsewa ta yi rakiyar mahajjata, ta yi farautar 'yan fashin teku, da ta soma tsufa aka mai da ita mai kai ruwa da hatsi ga masu tsaron fitilun tsibirai. Kowane aiki ya bar rigarsa. Sandar ta yi ta hawa har ta tsaya can sama kusa da kan jigo, a kan wani saƙi da rana ta koɗar.

Na gane zaren Inna. Iska ta taɓa facin ya kumbura kamar ƙirjin mai numfashi.

Sannan Nomau ya gaya mini. 'Yan fashi ne suka rutsa su, albarushi ya ƙare, tsinken katako ya shiga cikin Yaya. Babu mafita sai ta Tekun Madubi, inda iska ke wucewa ta sama ba ta taɓa ruwa, duk wanda ya leƙa kuma sai ya ga gidansu da mutanensa a ƙasa, ya faɗa. Kowa ya ɗaure idonsa da rawani. Amma dole mutum ɗaya ya bar nasa a buɗe saboda duwatsu. Yaya ya ce a ɗaure shi a jikin matuƙi, wato itacen juya jirgi, shi da ya riga ya kama hanya.

"Ya fitar da mu. Da muka kwance shi yana murmushi. Ya ce kada mu damu da kai shi gida, ya riga ya je, ya tarar da Inna tana kaɗi."

Na ce, "Baba, yanke mini facin nan in kai mata."

Ya ce, "Kai, tsaya nan. Ba a raba mutum da abokan aikinsa. Ranar da aka farfasa jirgi, filafili ɗungurungum ake ƙonawa a bakin gaɓa, su huta tare. Ko Sarauniya ba ta yankar zare ɗaya."

Na ce, "To, in ba a kai riga wurinta, a kai jirgin."

Ya yi dariya har basilla ta faɗi. Amma ya kai ni gaban Sarkin Jirgi Bagudu, wani dogon dattijo da ke zaune a kan wata 'yar ganga kamar kaza a kan ƙwai. Nomau ya raɗa mini cewa albarushin bankwana ne a ciki. Duk jirgin da zai mutu sai ya shiga Birnin Tama yana harba igwoginsa, a san ba a ɓoye ya zo ba. Wannan ganga ce kaɗai aka bar musu, Bagudu kuwa ko tsuntsu ba ya bari ya sauka a kanta.

Na faɗi, na yi gaisuwa, na faɗi buƙatata.

Ya ce, "Samari, umarni gare ni in isa kafin iska ta juya. In na bi gaɓa, babu sararin ratsewa kogin kowa."

Nomau ya ce, "In aka yanke ta Madubi akwai, Maigida."

Bagudu ya ce, "Kai da ido ɗaya kake da shi, rabin rawani zai ishe ka, shi ya sa bakinka ke zaƙi."

"Ranka ya daɗe, da ba don yaron can na sama ba, da kifi ne ke zaune a kan gangar nan yanzu."

Sauran ma'aikatan jirgin, tsofaffi duka, sun taru. Bagudu ya ɗaga kai ya dubi saƙin. Can ya ce, "Uwar tana cin abinci?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "A ɗaga anka, mu tashi."

A hanya suka koya mini jan igiya da ɗura igwa, wai kada in ci tuwonsu a banza. Muka ratsa ruwa mai launin nono, muka wuce kifaye masu tashi da ke sauka a kan jigo su huta kamar tantabaru. Ranar da za mu shiga Madubi, Bagudu ya sa aka ɗura igwogi tun da wuri don bankwana, aka aje lagwani mai ci a cikin tukunya. Ya ce shi zai riƙe matuƙi. Aka ɗaure shi, mu kuma muka ɗaure idanunmu, kowa ya kama igiya ya zauna.

Rana tana tsaka. Ƙarar ruwa a jikin katako ta ɗauke ɗif, kamar muna tafiya a kan mai. Ba a jin komai sai numfashin filafili. Can sai na ji Bagudu yana magana a hankali, da muryar da ban san yana da ita ba. Yana cewa, "Kande, ke ce? Tsaya, ga ni nan, bari in juyo." Na ji jirgin ya soma karkata. Wani abu ya gogi cikinsa, gurrr.

Nomau ya yi ihu, "Maigida, matarka tana kabari! Miƙe jirgi!" Bagudu bai ji ba.

A lokacin ne na ji fito.

Ban san sa'ad da na zare rawanin ba. Na leƙa. Ga tsakar gidanmu a ƙarƙashin ruwa, kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa randa. Ga giginyar ƙofar gida. Ga Inna da ƙibarta ta da, mazari na juyawa a hannunta. Ga Yaya zaune a kan turmi yana gyaran komar kamun kifi, yana fito. Ya ɗago ya gan ni, ya yi dariya, ya matsa gefe ya bar mini wuri. Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokaci ba. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan bakin jirgi.

Sai na lura da rigar da ke jikinsa. Saƙin Inna ne, sabo fil, shuninsa na ƙyalli. Inuwa ta gilma ta kaina, na ɗaga ido. Ga rigar can a sama, koɗaɗɗiya, da ɗinkin Nomau a gefenta, cike da iska tana ja. Riga ɗaya Inna ta yi masa. Na dubi ta ƙasa, na dubi ta sama. Ta ƙasa ta fi kyau. Ta sama ce take aiki.

Na sauke ƙafata. Na kwance fatar ƙaramar igwar gefe, na sunkuyar da bakinta ƙasa, daidai tsakar gidanmu, daidai inda ya bar mini wuri. Yana kallona har yanzu. Na ce, "Yaya, ka yafe ni." Na ɗauko lagwani na sa.

Ruwan ya tsage. Gidanmu ya wargaje ya zama kumfa, igiyar ruwa ta bazu ko'ina, madubi ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Bagudu ya farka kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi, ya finciki matuƙi, dutse ya wuce ta gefenmu har ina iya taɓa shi. Amma kumfar na kwantawa sai hotuna suka soma haɗuwa kuma.

Bagudu ya dubi gangarsa. Hawaye na bin gemunsa. Ya daka tsawa, "Ku fasa ta! Ku ɗura, ku harbi ruwa, kada ku bar shi ya kwanta!"

Tsofaffin nan, idanunsu a ɗaure, suka rarrafa zuwa igwoginsu. Hannuwansu sun san hanya. Su ɗura, ni in saita, in sa wuta. Haka Tsattsewa ta yi yaƙinta na ƙarshe, ita da ruwa, har muka ji iska ta sauko ta taɓa teku, ƙarar katako ta dawo. Ganga ta zama fanko. Bagudu ya leƙa cikinta, ya kife ta, ya sake zama a kai.

Kogin Maɗaci ya janye a wannan rani, babu babban jirgin da zai shige shi. Tsattsewa ta shiga kamar gidansu, don irin wannan ruwa aka yi ta. Da muka sha kwanar giginyu da hantsi na hango mutum ɗaya a bakin kwata, da ƙwarya a gefe.

Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne Tunau."

Ta shafa fuskata ta ce, "Ka rame. Ina shaidar?"

Tsofaffin suka sauke filafili, abin da ba a yi sai ranar ƙuna, suka ɗauko shi a kafaɗa kamar gawa, suka shimfiɗa a kan yashi. Duk gari ya fito ya tsaya. Na so in kama hannunta in kai ta wurin, ta ture ni. Ta tuɓe takalmi, ta hau da gwiwa, tana shafawa faci bayan faci.

"Wannan ba nawa ba ne. Wannan ma. Kai, uwar wannan ta iya kaɗi, Allah ya ba ta haƙuri." Ta wuce ja, ta wuce kore, ta wuce baƙaƙen nan na abokan gaba tana yi musu addu'a ba ta san ko su wa ba ne. Sai hannunta ya tsaya. Babban yatsanta ya bi zare ɗaya a hankali, ya sami ƙulli, ya wuce, ya sami wani.

Ta daɗe a haka.

Sannan ta bi gefen facin da yatsa ta ce, "Wa ya yi wannan ɗinki?"

Nomau ya matso yana sosa ƙeya. "Ni ne, Inna."

"Allah ya shirye ka. Haka ake ɗinki? Buhu kake rufewa?"

"Jirgi na rawa ne a ranar, Inna. Idon kuma ɗaya ne, shi ma ya cika da ruwa."

Ta ce, "Ba ni allura. Tunau, ɗauko mini zarena a cikin taskira."

Nomau ya sunkuya ya ce a hankali, "Inna, ba da daɗewa ba za a ƙona shi."

Ta ce, "Na ji. Ko wuta za shi, ɗana ba zai je da ɗinkin banza ba."

Ta farke, ta sake ɗinkewa, da laluben hannu, tun hantsi har inuwa ta miƙe. Bagudu, wanda ke tsoron juyawar iska, bai matsa mata ba. Ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin yadda Korau ya riƙe matuƙi, da abin da ya faɗa a ƙarshe. Da ta ƙulle zare ta gatsa shi da haƙori, sai ta jawo ƙwaryar furar nan, ta buɗe faifai, ta kurɓa, ta miƙa wa Nomau.

"Ku sha. Ta abokin aikinku ce." Ta juyo wajena. "Kai kuma je ka shimfiɗa tabarmi. Ka gaya wa Liman gobe a zo mini gaisuwa."

A nan ne abin da ke maƙogwarona ya fita. Na kifa kai a cinyarta na yi kuka kamar yaron goye, tana bubbuga bayana da hannun da ke riƙe da allura.

Da suka ɗaga filafili, iska ta cika shi, saƙin Yaya ya kumbura can sama, sabon zare fari ya zagaye shi. Babu albarushi ko na shafawa a jirgin. Amma sa'ad da Tsattsewa ta juya goshinta wajen teku, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wata ta amsa, matan Kwatar Giginya duka suka ɗauka, guɗar ta bi kogi tana faɗawa daga gaɓa zuwa gaɓa. Na ga Bagudu ya miƙe daga kan gangarsa, ya cire hula.

Inna ta ce, "Ya tafi?"

Na ce, "Yana tafiya, Inna. Shi ne a sama."

Ta ce, "To, kama ni mu je gida. Yunwa nake ji."

Nan labarin Tsattsewa ya tsaya a bakina. Allah ya ji ƙan waɗanda teku ta riƙe, namu da waɗanda ba namu ba, ya ba iyayensu abin da hannu zai taɓa.